Ɗan Talaka da Ƙofar NDA: Martani ga Mai Cewa Kada a Sayi Fom

Kwanakin baya wani rubutu ya zagaya hannun jama'a, inda marubucinsa ya yi wa iyaye nasiha da su daina ɓarnar kuɗi da lokaci wajen tura 'ya'yansu neman shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, wato NDA. Hujjarsa ita ce wai tun kafin a fara sayar da fom an riga an gama rabon guraben tsakanin janar-janar da sanatoci da sarakuna, saboda haka yaron da ya gama sakandare ba shi da uwa a gindin murhu, babu abin da zai samu sai a ci kuɗinsa a sallame shi. Ya ƙara da cewa maganin abin shi ne a soke rabon da ake yi jiha-jiha, a koma kan cancanta zalla, kamar yadda a cewarsa ake yi a Amurka. Ban yi shakkar cewa kishin talaka ne ya sa malamin ya ɗauki alƙalami ba, kuma ba duka maganarsa ce ta kauce ba. Gaskiya ne rabon kowane yaro a wannan nema ƙarami ne, domin masu nema dubun-dubata ne, waɗanda ake ɗauka kuwa ɗaruruwa. Inda muka rabu da shi shi ne wurin da ya ɗora laifin, da kuma shawarar da ya gina a kai. Mafi yawan 'ya'yan talakawa ba wasiƙar wani babba ce take kayar da su ba, suna faɗuwa ne a matakan da aka sanar tun farko, waɗanda kowa zai iya karantawa ya shirya musu. Wanda kuwa ya ce musu su zauna gida, ya ƙara wa 'ya'yan manyan da yake kuka da su sarari.

A duba sharuɗɗan da makarantar take bugawa duk shekara. Dole yaro ya kasance tsakanin shekara 17 zuwa 21, marar aure. Dole ya sami kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ta WAEC ko ta NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Dole ya zaɓi NDA a matsayin zaɓinsa na farko a jarrabawar JAMB, ya kuma ci makin da aka yanka, wanda aka saba sa shi a 180 cikin 400, tare da ɗaga shi sama da haka ga masu son karatun injiniya. Namiji kada tsawonsa ya gaza mita 1.68. Sai ya kawo takardar shaidar asalin jiharsa da ƙaramar hukumarsa. Bayan wannan duka sai ya zauna jarrabawar makarantar ita kanta, wadda ake yi a cibiyoyi daban-daban na ƙasar, in ya haye sai a kira shi Kaduna gaban kwamitin tantancewa na rundunonin soja. Tun daga 2011 'yan mata ma suna shiga wannan nema, da nasu ma'aunin tsawo. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sirri ba ne, kuma a yawancinsu wasiƙar sanata ba ta da aikin yi. Na'urar JAMB ba ta san ɗan wane ba, haka ma'aunin tsawo.

Tambayar da ya kamata marubucin ya tsaya a kai ita ce: a cikin yaran da suka gama sakandaren gwamnati a ƙauyukanmu, nawa ne suke da waɗannan takardu a hannu kafin su cika shekara 21? Nan ne ainihin inda ake asarar ɗan talaka, kuma asarar tana faruwa ne shekaru kafin ya san hanyar NDA. Yaro ya shiga firamare a makare, ya yi sakandaren da malamin Lissafi ɗaya ne yake zagaya azuzuwa shida, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya kuwa an mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Ya zauna WAEC ya rasa Turanci, ya jira shekara ya sake, ya sami Turanci ya rasa Lissafi, kafin ya haɗa biyar ɗin shekarun sun ƙwace masa. Wani kuma ya haɗa takardun, amma ranar JAMB ce ranar farko da ya taɓa zama gaban kwamfuta, alhali tun 2015 aka mayar da jarrabawar gaba ɗaya kan na'ura. Rabin lokacinsa ya tafi wajen lalube. Wani matsalarsa ta takarda ce kawai: ranar haihuwar da ke kan katin ɗan ƙasa daban, wadda ke kan sakamakon WAEC daban, sunan mahaifi a nan Muhammadu a can Mamman. Jami'in da ke duba takardu ba ya neman wani dalili bayan wannan. Duk waɗannan zalunci ne da aka yi wa yaron, ba musu, amma gwamnatin jiharsa da makarantarsa da sakacin gida ne suka yi masa, kuma gyaransu yana hannunmu fiye da yadda marubucin yake so mu ɗauka.

Ko a gaban kwamitin tantancewar ma, abin da ke tankaɗe mutane ya fi karkata ga jiki da lafiya. Ana tara samarin jiha-jiha, cikin gajeren wando da singileti, kowa da lambarsa a ƙirji. A tsayar da yaro ba takalmi a jikin ma'auni, in ya gaza da faɗin yatsa ɗaya shi ke nan. A sa shi ya haɗe ƙafafu a duba ko gwiwoyinsa suna gogar juna, wato gwame, a duba tafin ƙafarsa ko shimfiɗaɗɗe ne. A buɗe masa littafin nan mai ɗige-ɗigen launuka a ce ya karanta lambar da ke ɓoye ciki, sai a nan wani zai fara sanin cewa idonsa ba ya rarrabe ja da kore, abin da bai taɓa damunsa a gona ko a aji ba. A ɗebi jini, a auna ji da gani, a duba haƙora, sannan a fita fili gudu da sauran motsa jiki. Yaron da aka mayar gida saboda ɗaya daga cikin waɗannan, da wuya ya ce wa mutanen unguwa likita ne ya kayar da shi. Abin da ya fi sauƙin faɗa, kuma kowa zai gaskata, shi ne an sayar da gurbinsa. Da irin waɗannan labarai ake gina imanin da marubucin ya mayar hujja. Alhali da yawa daga cikin waɗannan abubuwa asibitin gari zai iya gano su tun yaro yana aji biyar, a san ko a ci gaba da shiri ko a juya masa akala zuwa wani fannin tun da wuri.

Ba zan ce babu alfarma ba; duk wanda ya faɗi haka a ƙasar nan ya raina hankalin masu karatu. Ana rubuta wasiƙu, ana buga waya, kuma akwai hafsoshin da suke sunkuyar da kai su bi. Amma a lura da inda alfarmar take iya aiki: a matakin ƙarshe ne, tsakanin waɗanda suka riga suka tsallake duk abin da aka lissafa a sama, kuma cikin kason jiha ɗaya. Sunayen waɗanda aka ɗauka jiha-jiha ake fitar da su, tare da na masu jiran ko-ta-kwana. Ma'ana yaron Jigawa da 'yan Jigawa yake takara, ba da dukan Nijeriya ba. To a ƙaddara ma an sace wani ɓangare na kason jiha, sauran fa, wa zai ɗauka? Sai wanda ya zo, ya tsaya a layi, takardunsa cikakku. In 'ya'yan talakawa masu ƙoƙari suka bi shawarar marubucin suka zauna gida, ba a rage kason jihar ba, cike shi za a yi da waɗanda suka rage, su ne kuwa 'ya'yan masu hali. Sannan a lokacin babu ma buƙatar wata wasiƙa, domin babu wanda za a ture. Yawan ƙwararrun masu nema shi ne yake sa maguɗi ya yi wa mai yinsa tsada, saboda ture yaron da ya fi kowa maki a jiharsa yana barin shaida, ture wanda bai zo ba kuwa ba ya barin komai.

Marubucin ya kafa hujja da yawan 'ya'yan sojoji a cikin waɗanda ake ɗauka. Wani ɓangare na wannan alfarma ce, amma ba duka ba. Yaron da ya tashi a bariki ya san ranar da ake buɗe fom, ya san ana auna tsawo, ya ga yayyensa suna fita gudun asuba wata da watanni kafin tantancewa, ya san yadda ake tsayuwa a amsa tambayar hafsa ba tare da inda-inda ba. Wanda ya yi makarantar soja ta Zariya, wadda take nan tun 1954, ko ta sojan sama da ke Jos, ko sakandaren Command da ke barikoki, ya shafe shekara shida yana shaƙar wannan tarbiyya, ga malaman kimiyya da ba a rasa ba. In irin wannan yaro ya kayar da wanda ya ji labarin NDA mako biyu kafin a rufe fom, ba lallai ne an yi sata ba. Fifikon da yake da shi na sani ne da shiri, su kuwa ana iya raba su ga kowa ba tare da an nemi izinin wani janar ba. Shugaban makaranta guda da ya damu, ko tsohon soja guda a gari da zai tara yara ya yi musu bayani ya fita da su gudu, zai rage wannan tazara fiye da tsinuwar da ake yi wa manya a majalisa.

Sai batun soke rabon jiha-jiha, wanda nake ganin shi ne mafi haɗari a cikin rubutun. Wannan tsari ba jiya aka ƙirƙiro shi ba. Lokacin da aka sami 'yancin kai, 'yan Arewa tsiraru ne a cikin hafsoshin sojan Nijeriya duk da cewa su ne suka cika sahun ƙananan sojoji, dalili kuwa ƙarancin makarantun sakandare a yankin. A 1961, zamanin da Alhaji Muhammadu Ribadu yake ministan tsaro, aka kafa kaso wajen ɗaukar masu koyon aikin hafsa: kashi 50 cikin ɗari ga Arewa, 25 ga Gabas, 25 ga Yamma. Tsohon mazaunin makarantar da ke cikin garin Kaduna sunansa yake ɗauke da shi har yau. NDA ɗin kanta a 1964 aka kafa ta, a kan harsashin makarantar horon soja da Turawa suka bari, shugabanta na farko ma hafsan Indiya ne. Daga baya tsarin mulkin 1999, a sashe na 217, ya wajabta cewa hafsoshi da sauran sojoji su kasance sun wakilci sassan ƙasar. Hikimar a fili take ga duk wanda ya san juye-juyen mulkin 1966, da yaƙin basasar da ya biyo baya: rundunar da wani yanki yake ganin ta wasu ce, ba ta iya riƙe ƙasa. In aka soke kaso yau aka jera yara bisa maki kaɗai daga Sakkwato zuwa Kalaba, waɗanda za su kwashe guraben su ne 'ya'yan makarantun kuɗi na manyan birane, na Kudu da na Arewa. Ɗan talakan da marubucin yake karewa shi ne zai fara fita. Kuma kaso bai hana cancanta ba, domin ba a sassauta wa kowa kiredit biyar ko gwajin likita don jiharsa. Abin da yake yi shi ne ƙayyade su wa za ka kara da su.

Tsarin yana da lahani, amma ba wanda marubucin ya nuna ba. Rabo bisa jiha yana nufin yaron jihar Kano, mai ƙananan hukumomi 44 da ɗimbin jama'a, yana cikin cunkoson da ya fi na takwaransa na Bayelsa mai ƙananan hukumomi 8. A cikin jihar ma, 'yan babban birni sukan shanye kason su bar na karkara. Ga kuma cinikin takardar shaidar asali, inda wanda bai taɓa kwana a gari ba zai zo da takarda mai hatimi yana cewa shi ɗan can ne. Wannan satar ba a Kaduna ake yin ta ba, a sakatariyar ƙaramar hukuma ake yi, da sa hannun mutanen da muke sallah sahu ɗaya da su.

Game da Amurka kuwa, da malamin ya bincika da bai kawo ta misali ba, domin hujja ce a kansa. Makarantar West Point ta sojan ƙasa, wadda aka kafa a 1802, da ta sojan ruwa da ke Annapolis, da ta sojan sama da ke Kolorado, duk ba a shigarsu da maki kaɗai. Bisa doka, sai yaro ya sami wanda zai gabatar da sunansa, galibi ɗan majalisar wakilai na mazaɓarsa ko sanatan jiharsa, kuma kowane ɗan majalisa ɗalibai biyar kawai yake iya samu a kowace makaranta a lokaci guda. Wannan rabo ne bisa yanki ƙarara, har ya fi namu ƙanƙancewa tunda ya sauka zuwa mazaɓa. Bayan haka akwai guraben da aka ware da sunan shugaban ƙasa don 'ya'yan waɗanda suka daɗe suna aikin soja. Wato abu biyun da marubucin ya kira ɓarna a nan, hannun 'yan siyasa da fifikon ɗan soja, a can rubuce suke a doka. Bambancin shi ne a bayyane ake yi: an san adadin, an san ranar rufewa, 'yan majalisa da yawa suna kafa kwamitin da zai yi wa yara tambayoyi, kuma gabatarwar ba ta ɗauke wa kowa gwajin lafiya da na ƙarfin jiki da na karatu. Darasin da ke cikin wannan shi ne a fito da abin fili, ba a rushe kaso ba.

Na san za a ce mini misalan 'ya'yan talakawan da suka zama janar duk na da ne. Yakubu Gowon ɗan mai wa'azin coci ne a Wusasa, ya shiga soja a 1954 daga kwalejin da ake kira Barewa yanzu. Muhammadu Buhari maraya ne da mahaifiyarsa ta rena a Daura, daga sakandaren lardi ta Katsina ya tafi. Ibrahim Babangida ya rasa iyayensa yana yaro, daga sakandaren Bida ya shiga a 1962. Na yarda zamaninsu daban ne: a lokacin shugabannin Arewa ne suke bin makarantu suna lallashin yara su shiga soja, iyaye suna ƙi, yau kuwa rashin aikin yi ya sa kowa yana rububin makarantar da za ta ba ka digiri, ta ciyar da kai, ta tufatar da kai, ka fito da anini a kafaɗa da albashi yana jiranka. Ba na kawo sunayensu don in ce ƙofar tana nan a buɗe kamar da. Abin lura shi ne yadda aka same su: manya ne suka je har aji suka gaya wa yara cewa wannan wuri naku ne, ku nema. Marubucin namu ya zo da kishiyar wannan saƙo, ga jikokin mutanen da aka sha wahala kafin a shawo kansu.

Akwai kuma wanda yake cin ribar wannan yanke ƙauna kai tsaye, shi ne ɗan damfara. Muddin uba ya gaskata cewa ba a shiga sai da hanya, to ranar da wani ya zo masa da lambar waya da sunan wani kanar da ba a taɓa gani ba, zai sayar da gona ko shanun huɗa ya miƙa. Makarantar ta sha fitar da sanarwa tana gargaɗin jama'a kan masu sayar da gurbi da takardun ɗauka na jabu, amma gargaɗin ba ya tasiri a zuciyar da aka riga aka cika da cewa komai na sayarwa ne. Kuɗin da ake zubawa a wannan rami ya ninka na fom sau ɗaruruwa, kuma da an kashe kaɗan daga cikinsa wajen malamin Lissafi na yamma da koyon kwamfuta da ganin likita, da ya yi amfani ko yaron bai shiga soja ba.

Wannan ma shi ne abin da marubucin ya manta da ya kira neman ɓarnar kuɗi. Me yaro ya rasa in ya shirya bai samu ba? Kiredit biyar ɗinsa suna nan, makin JAMB ɗinsa yana nan, hukumar kuma tana ba da damar canza makaranta, sai ya juya zuwa jami'a ko kwalejin kimiyya. In shekarunsa ba su wuce ba ya sake gwadawa baɗi, yanzu da sanin abin da ke gabansa. In sun wuce, aikin hafsa bai kuɓuce masa ba, domin rundunonin suna ɗaukar masu digiri ta gajeren kwas. A Ingila ma yawancin masu shiga makarantar hafsoshi ta Sandhurst sai sun gama jami'a suke zuwa, su yi horon mako 44. Abin da ya kamata a gaya wa yaro shi ne gaskiya tsirararta: masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, mai yiwuwa ka cika kowane sharaɗi kuma ba a ɗauke ka ba, don haka kada ka rataya rayuwarka a ƙugiya ɗaya. Wannan daban yake da ce masa kada ya gwada.

Ina roƙon malam marubuci, tunda Allah ya ba shi alƙalamin da ake saurare, ya juya shi inda zai yi aiki. Ya nemi hukumar makarantar ta riƙa buga makin kowane mai nema tare da sunansa da ƙaramar hukumarsa, a kuma ba duk wanda aka mayar gida dalilin a rubuce. Ya tambayi gwamnatocin jihohinmu me ya hana su tantance takardun shaidar asali kafin a kai su Kaduna, da kuma shirya wa yaransu horo kafin jarrabawa. Ku kuma iyaye da shugabannin makarantu, in kuna da yaro mai sha'awar kaki, kada ku jira sai ya gama aji shida: ku auna tsawonsa, ku kai shi asibiti a duba idonsa da jininsa, ku daidaita sunansa da ranar haihuwarsa a duk takardunsa, ku zaunar da shi gaban kwamfuta, in an buɗe fom ku saya masa da kanku a shafin makarantar, kada ku ba kowa ko sisi a bayan fage.